Wanda Ya Tayar da Zabuwa

Ana gobe za a yi fitar kaka, Badamasi ya dawo daga sallar asuba ya tarar da zaurensa wayam. Zabuwa ba ta nan.

Zabuwa dai babur ne, baƙi mai ɗigo-ɗigon fari a tanki, amma masu babur na Birnin Kudu ba sa ce masa shi, sai ita. Fitar kaka kuwa al'adar ƙungiyarsu ce. Idan an gama girbi sukan jeru su bi ta ƙauyuka har Gwaram, su ci tuwo a gidajen abokai, da yamma a yi tsere a yashin kogi. Bana kowa ya sa ran Zabuwa ce za ta cinye.

Kafin rana ta ɗaga, maganar ta tattaru a kan mutum ɗaya. Ba a ga alamar an fasa makullin wuyan babur ɗin ba, kuma Zabuwa tana da makunnin ɓoye wanda in ba a taɓa shi ba, ko ƙafarka za ta karye ba za ta tashi ba. Mutum biyu ne suka san inda yake: Badamasi, da Ikrima rewaya, mai gyaran wutar babur, wanda ya saka shi da hannunsa.

Wannan ne ya sa Hafsat, yayar Ikrima, ta bar kaskon wainarta a kan wuta ta nufi gidan Baba Dabo.

Baba Dabo mai bin sawu ne. Shanun da ya dawo wa masu su da su, daga Wurno har Dingaya, ba su ƙirguwa. Ya saurare ta yana ɗaure igiyar takalminsa.

"'Yar nan, ni fa saniya na sani. Ƙafarta huɗu, kowace da labarinta. Wannan abin naku ƙafa biyu gare shi, su ma a nannaɗe."

"Baba, za su kai shi wurin 'yan sanda. Mutane har sun fara kwashe baburansu daga rumfarsa. In sunansa ya ɓaci yau, wa zai ƙara ba shi makulli?"

Dabo ya gama ɗaure igiyar. Gaskiyar magana, ya daɗe yana son sanin abin da ke sa ƙarfe ya yi gurnani ya ruga. Ya ɗauki sandarsa.

* * *

Rumfar Ikrima tana ƙarƙashin wata darbejiya a bakin titi. Dabo ya tarar da ita cike da mutane, amma inda ake jera babura don gyara saura guda ɗaya, shi ma ba shi da taya. Ikrima yana zaune a kan benci, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

Iliyasu, shugaban ƙungiya, shi ke kwantar da mutane. Dogon mutum ne mai taushin murya, tsohon gwanin tsere, wanda ya bar hawa yashi tun faɗuwar da ya yi shekarun baya.

"Na roƙi Badamasi ya jira zuwa la'asar," ya ce wa Dabo bayan sun gaisa. "In ba a ga komai ba, ya tafi ofishin 'yan sanda. Amma Baba, da ba a wahalar da kai ba. Babur ɗin da aka sata da asuba, yanzu ai yana Kano ana kwance shi."

"To, a bar ni in sha iska," in ji Dabo. Ya zauna kusa da Ikrima. "Kai yaro, mene ne makunnin ɓoye? Yi mini dalla-dalla, ni ko hon ban taɓa dannawa ba."

Ikrima ya ɗago kai. "Baba, babur da tartsatsi yake tashi. Akwai ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin kujera, shi ke tura wuta zuwa filogi. A jikinsa akwai wata waya, baƙa mai layin fari. In ta taɓa ƙarfen babur, wutar sai ta zube a nan, ba ta kai filogi ba. Makulli ma abin da yake yi ke nan in ka kashe. Ni sai na ƙara wani ɗan makunni a kan wayar, na ɓoye shi."

"Wato wutar ka sata mata hanya."

"Kusan haka."

"Shi ya sa ni ba na yarda da ƙare-ƙaren nan," in ji wani daga baya. "Kullum ina faɗa, a bar waya yadda ta zo. Wancan karon ya sa mini fitila fara, batir ya kwana ya mutu."

"Batirinka tun zamanin kakanka yake, Malam! Ka zuba masa ruwa kuwa?" in ji na kusa da shi.

"Shi fa hon uku ya jona wa babur ɗinsa, kamar motar biki," wani ya ƙara.

Aka ɗan yi dariya, sai kowa ya tuna abin da ya tara su, dariyar ta mutu. Dabo bai ko juya ba.

"In mutum bai san inda makunnin yake ba fa? Ba yadda zai yi?"

Ikrima ya gyara zama. "In ya san babur sosai, zai iya zare baƙar wayar gaba ɗaya daga akwatin. Za ta tashi. Sai dai makulli ba zai ƙara kashe ta ba. Dole ya sa giya ya taka birki ya saki kuloci, ta shaƙe."

"Ta shaƙe," Dabo ya maimaita, kamar mai ɗanɗana kalmar. "Da asuba kana ina?"

"A gida na yi salla, Baba. Na makara."

Wani ya yi tsaki. Hafsat ta juya ta harare shi har ya sunkuyar da kai.

* * *

Ƙofar gidan Badamasi ta sha tattaki, masu jaje sun gama da ita. Dabo ya zagaya ta gefen katanga inda raɓa ta jiƙa ƙasa, ya tsuguna. Badamasi, gajere mai faɗin kafaɗa, yana tsaye a kansa yana huci.

"Tayarka ta baya, wace iri ce?"

"Sabuwa ce, mai manyan haƙora, saboda yashi."

"To ga ta. Ga kuma mutum a gefenta yana turawa. Takalmin roba ne, irin wanda rabin garin nan ke sawa. Makullinka nawa?"

"Ɗaya. Da shi na saye ta a hannun Shugaba Iliyasu, lokacin da ya bar tsere. Ban taɓa ba kowa ba sai Ikrima, in na kai gyara."

"Wannan siririyar tayar fa, da ta tsaya a nan ta juya?"

Badamasi ya leƙa, idonsa ya ƙara ja. "Zulkifli! Wallahi tasa ce. Jiya a gaban kowa ya ce Zabuwa ba za ta ga yashin Gwaram ba."

Ba a sha wuyar samun Zulkifli ba, yana cikin masu kallo. Saurayi ne mai bakin tsiya, shi ne ya zo na biyu a tseren bara. Ya matso yana murmushi.

"Na faɗa, Baba, ban musa ba. Nufina ƙurata za ta rufe mata ido. Jiya da magariba na zo aron cajar batir, ya hana ni."

"Don ka caje ka wuce ni?"

"Ko da batir ɗin tocila zan wuce ka, Badamasi."

Dabo ya sa yatsa a cikin siririn sawun, ya duba. Ƙwari sun yi tafiya a kansa, raɓa ta zauna a ciki. Na jiya ne. Sawun Zabuwa kuwa ya bi ta kansa, gefensa da kaifi.

"Yaron nan bakinsa ne kawai ya yi laifi," ya ce. "Zo mu je, za ka yi mini amfani. Wa zai ɗauke ni?"

"Ni," in ji Iliyasu da sauri.

Ya jawo babur ɗinsa. Dabo, wanda komai na babur sabo ne a idonsa, ya tsaya yana kallo. Zulkifli ya haye nasa, ya kafa ƙafar hagu a ƙasa, ya buga kik da ta dama. Iliyasu kuwa bai hau ba. Ya tsaya a gefen dama, ya riƙe hannun babur, ya buga da ƙafar hagu, sai da injin ya kama sannan ya ɗaga ƙafa ya zauna.

"Au, iri biyu ake tayarwa?"

Zulkifli ya yi dariya. "Shugaba ne kawai. Tun faɗuwarsa gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Mu har mun daina gani."

Dabo ya hau baya da bisimilla, ya rungume sandarsa, ya ce a tafi a hankali don shi ba tsere ya zo ba.

* * *

Sawun bai hau kwalta ba. Ya bi ta bayan gari, ya ratsa tsakanin duwatsu, ya faɗa burtalin da shanu ke bi zuwa Wurno.

"Ka gani ko?" in ji Iliyasu ta kafaɗa. "Rugage ne a gaba. Yaran makiyayan nan yanzu babu abin da suke so kamar babur. Ko mu je can mu tambaya?"

"Na san kowace ruga a nan. Tsaya tukuna."

Dabo ya sauka a gindin wata tsamiya. Nan sawun mai turawa ya ƙare. Dabo ya ce su tsaya inda suke, kada wanda ya matso, ya zagaya wurin a hankali yana magana shi kaɗai.

Ga inda taya ta daɗe a tsaye. Ga rami inda aka kafa ƙafa ɗaya aka yi ta dannawa, har diddige ya nutse. An buga kik a nan, an buga, an sake bugawa, abin ya ƙi. Ga inda aka durƙusa a gefe, da gwiwa ɗaya. Daga nan sai layin taya ya miƙe shi kaɗai, ba ƙafa a gefensa.

Ya daɗe yana kallon ramin nan. Sannan ya karyo reshen ƙaya ya rufe shi, yadda masu bin sawu ke yi in ba sa son iska ko akuya ta ɓata musu shaida.

"Me ka gani, Baba?" in ji Zulkifli.

"Mutum ya sha wahala. Mu ƙara gaba."

Ba su yi nisa ba ya sake tsayar da su. A nan tayar baya ta kwarzane ƙasa, gajeren kwarzane mai zurfi, kamar an fizge ta.

"Zulkifli, wannan fa?"

Saurayin ya duba, murmushinsa ya ɓace. "Shaƙe ta aka yi da giya. Makulli ya ƙi kashewa ke nan. An zare baƙar waya!"

"Wanda ya san makunnin ɓoye zai yi haka?"

"Don me? Ai dannawa kawai zai yi."

"Ko kuwa ya yi don a ce ba shi ba ne," in ji Iliyasu a hankali. "Ikrima ba wawa ba ne."

"Haka ne," in ji Dabo. "To ku duba nan. Kafin ya tsaya, tayar siririya ce. Bayan ya tashi, ta yi faɗi kamar ta ci ta ƙoshi. Faci ta yi?"

"A'a, duka biyun ne suka yi faɗi." Zulkifli ya tsuguna, abin ya fara ba shi sha'awa. "Iska aka rage. Mu ke yin haka in za mu hau yashi, don kada taya ta nutse. Baba, ɓarawon da ke gudu ba zai tsaya rage iska ba. Wannan yashin Wurno ya nufa, inda muke gwaji!"

"Ikrima yana tsere?"

"Ikrima? Ko akuya ta tsallaka titi sai ya sauka ya tura."

Iliyasu ya jijjiga tankinsa. "Baba, man nawa ya yi ƙasa. In muka shiga yashi ba za mu dawo kafin la'asar ba."

Dabo ya dube shi, ya dubi hanyar da ta miƙe zuwa kogi. Yana so ƙwarai ya ga inda sawun ya ƙare, bai taɓa barin sawu a tsakiya ba. Amma ya gyaɗa kai.

"Mu koma. Na ga abin da zan gani."

* * *

Bayan azahar rumfar ta cika fiye da safe. Badamasi ya sa hularsa ta fita, alamar a shirye yake ya tafi ofishin 'yan sanda. Hafsat tana tsaye a bayan ƙanenta, hannunta a kafaɗarsa.

Dabo ya faɗi abin da ya gani, ba ƙari: an tura, an buga kik ya ƙi, an zare waya, an rage iska.

"Duk wannan bai wanke shi ba," in ji Badamasi. "Makulli fa? Wa ya buɗe wuyan?"

"Za mu zo nan. Ina da roƙo ɗaya, ku yi wa tsoho haƙuri. Yau na fara ganin yadda ake tayar da babur, ban ƙoshi ba. A kawo guda ɗaya nan kan ƙasa mai laushi, kowa ya tayar in gani."

Aka yi gunaguni, amma aka kawo na Zulkifli. Shi ya fara. Badamasi ya bi, da fushi, har kik ɗin ya yi ƙara. Ikrima ya hau, sai a bugu na uku injin ya kama. Wasu ma suka yi. Bayan kowanne, Dabo yakan nuna ƙasa da sanda.

"Kun gani? Ƙafar hagu, a hagun taya. Kowa haka. To a gindin tsamiyar burtali, ramin da na rufe da ƙaya, ƙafar dama ce, kuma a daman taya take. Mutumin bai hau ba. A gefe ya tsaya ya buga da hagu. Da ya durƙusa zare waya, gwiwar hagu ce kaɗai ta taɓa ƙasa, ɗaya ƙafar a miƙe." Ya juya. "Shugaba, saura kai."

Iliyasu ya dubi babur ɗin. Ya taka zuwa gefensa na dama kamar yadda jikinsa ya saba, ya kama hannun, sai ya tsaya. Ya saki.

"Tana bakin kogin Wurno," ya ce. "Na rufe ta da karan dawa. Ba abin da ya same ta sai wuta da ta ɗauke."

"Kai?" Badamasi ya cire hularsa. "Shugaba, kai?"

"Makullin biyu ne tun asali. Ɗayan na gani a tsohuwar rigata, na kasa kawo maka." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kowace shekara ni ke ɗaga muku tuta a Gwaram, ina tsaye kuna wucewa. Jiya da na ji ƙararta da sabuwar taya, na kasa barci. Na ce sau ɗaya, kafin gari ya waye sosai, in zagaya yashi in dawo da ita kana lazimi. Na zagaya kuwa. Wallahi na zagaya, Badamasi, kamar da. A dawowa na faɗa wani ɗan ruwa, ya shiga inda na zare wayar, ta mutu. Na yi duk abin da na sani, ta ƙi."

"Da ka roƙe ni ai da na ba ka!"

"Da ba ka ba ni ba. Kai da likita da mai ɗakina bakinku ɗaya."

"To ka zagaya, mun ji," in ji Hafsat. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo. "Da ka dawo ka tarar ana ce wa ƙanena ɓarawo fa? Gwiwarka ce ba ta lanƙwasuwa, Malam Iliyasu, ko harshenka?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai. "Na ce a jira la'asar don in samu in lallaɓa in dawo da ita. Sai na ga wanda zai iya tayar da ita a garin nan, shi ne wanda ake zagi. Na rasa ta inda zan fara. Ikrima, ka yafe mini."

Ikrima ya ɗago kai. Da ya buɗe baki, ba Iliyasu kaɗai ya kalla ba.

"Tun safe saƙo ya kai Gwaram a waya. Abokin aikina na can ya kira yana tambaya wai da gaske ne. Yafiya a rumfar nan ba za ta kai can ba. Gobe, kafin ka ɗaga tuta, ka ɗauki lasifikar nan da kake kiran sunaye da ita, ka faɗa da bakinka."

"Zan faɗa."

"Ni ma zan tsaya kusa da shi," in ji Badamasi, yana murza hular a hannu. "Ni na fara ambaton sunanka."

Ikrima ya tashi, ya jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin benci, ya duba ko salatif na ciki. "Wa zai kai ni Wurno? In ruwa ya kwana a akwatin nan, gobe ba ta zuwa ko'ina."

"Hau," in ji Zulkifli. "A gyara ta da kyau. Ba na son a ce don ba ta nan na ci."

* * *

Da yamma lis Dabo yana zaune a benci, Hafsat ta cika masa kwano da waina. Idonsa na kan ƙasar gaban rumfa. Da safe duk sawun tayoyin fita suke yi. Yanzu sababbi sun hau kansu, suna shigowa, kowanne da ƙafar mai shi a gefe. Har mai hon uku ya dawo da nasa, ya jingine ba tare da ya haɗa ido da kowa ba.

Zabuwa tana tsakiya, kujerarta a buɗe, Ikrima ya sunkuya yana naɗe baƙar wayar. Ya mayar da kujera, ya zagaya babur ɗin sau ɗaya kamar mai duba taya, ya hau ya buga. Ta ɗauka da gurnani.

Dabo ya ajiye kwanon. Ya rantse bai ɗauke ido daga hannayen yaron ba.

"Kai, tsaya. Yaushe ka taɓa makunnin? Ina yake?"

Ikrima ya yi murmushi, karo na farko a ranar.

"Baba, tun safe ake zagina a kan na san inda yake. Yanzu kuma so kake in faɗa?"

Dabo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ɗauke ta, ya matsa kusa da Zabuwa, ya tsuguna ya fara dubawa da kansa.